Ɗan jirgina ya daina santsi

Yau da yamma na kunna ɗan jirgin ƙasana na HO, irin wanda aka rage girmansa sau 87, yana isa wurin hawa sai ya tsaya cak, inji na ƙara, tayoyi na ta juyi a wuri ɗaya, tarago shida ko motsi. Na ƙara wuta, santsin ma ya ƙaru. Da na kifa kan jirgin sai ga 'yar robar tayar baya ta saki har tana sheƙi, baƙin datti ya daskare a sauran, kuma wallahi laifina ne, man da na ɗiga wa giya ya yi yawa ya gangaro har kan dogo. Na goge dogon da tsumma da sifirit, na canza robar, na manna guntun dalma daidai saman tayoyin da ke ja don nauyinsa ya danne su a kan dogo.

Da ya kama hawan a hankali yana jan duka shidan sai da na sunkuya ina sauraren ƙas-ƙas ɗinsa, raina ya yi fari sosai. Tsinin hawan dai ya haura kashi 2 cikin 100, wato tashin sama da santimita 2 a kowane santimita 100 na dogo, gobe in Allah ya kai mu zan sassauta masa.