Na sa ma shanuna ɗan kunne mai na'ura, ɓarayi sunka yanke kunnen

Wallahi har yau in na tuna jan bajimin nan sai in ji abu ya tokare mini ƙirji, wata bakwai ke nan amma kamar jiya.

Ni ɗan kasuwa ne, shagona na nan babbar kasuwar Maraɗi, shanun kuwa gado ne da ɗan abin da na ƙara, kai 23, suna hannun wani dattijo Bafillace can wajen Gabi, tun mahaifinmu na da rai shi ke kiwonsu. Kowa ya san halin da ake ciki tsakanin Madarumfa da iyakar Najeriya, ka kwana da garke ka tashi da igiya. Ana haka wani yaro ya turo mini bidiyo a WhatsApp, wani bature na kara sanda ga kunnen saniya sai lambarta ta hito a salula. Ni abin da na gane, ko in ce abin da raina ya so ya gane, shi ne duk inda saniya ta shiga ina ganinta bisa taswira ina zaune shago. Na kira mai saidawa na ce ana bin sawun dabba da shi? ya ce sosai ma Alhaji, aikinshi ke nan. Bai yi ƙarya ba. Ni ne ban tambaye shi ta yaya ake bin sawun ba, kuma tambayar nan ɗaya da ban yi ba ita ta ci mini bajimi.

Na sayi 'yan kunnen, da filayar maƙalawa, da sandar karantawa wadda ita kaɗai ta lashe kuɗin rago mai kyau. Ranar da munka tahi sawa dattijon ya dube ni ya ce Alhaji, ni kowace na san ta da uwarta da kakarta, mi za ni yi da lamba? na ce Baffa zamani ne. Ya yi shiru ya kama mini su.

Cikin damina munka sa, wannan ma wauta ce, ƙuda ko'ina. Kwana goma kunnen maruƙa biyu ya kumbura, ɗaya har da tsutsa. Likitan dabbobi da ya zo ya yi mini faɗa, ya ce ba kusa da kai ake hudawa ba, ba kuma can bakin kunne ba inda ƙaya za ta fizge shi, tsakiya ne, tsakanin jijiyoyin nan biyu masu tauri, ɓangaren mai na'ura ya kasance ta ciki, a tsoma allurar filayar cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin kowace dabba. In da hali a bari sai lokacin ɗari. Wannan dai ya warke, ba shi ne ciwona ba.

Ciwona shi ne da Baffa ya aiko cewa yana son ya matso da garken arewa wajen Jiratawa saboda ana ganin baƙin babura cikin daji, ni da bakina na ce ya zauna, ciyawar Gabi ta fi, ai yanzu ko an ɗauka muna ganinsu. Ni na hwaɗi haka. Mutum ya shekara arba'in yana kwana cikin shanu, ni kuma na dogara da bidiyon minti biyu.

Daren wata Laraba anka kora huɗu, jan bajimin da nake shirin kawowa gida turka, da shanu biyu masu ciki da karsana ɗaya. Da asuba anka kira ni, hannuna na rawa na buɗe salula, ba taswira ba komi, jerin lambobi ne kawai da ranar da na kara musu sanda ta ƙarshe. Na kashe na kunna, na ce ko rezo ne, har sabon forfe na intanet na saya, kai jama'a.

Likitan ne ya zaunar da ni ya warware mini. Abin ba shi da batir sam, ba ya kuma magana da tauraron ɗan adam. Ƙwayar da ke ciki kwance take kamar matacciya, sai sanda ta matso ta ba ta ɗan ƙarfi bisa zangon rediyo na 134.2 kHz sannan ta amsa da lambarta, kuma sai an matso ƙwarai, ko taku ɗaya bai kai ba. Lamba 15 ce, ukun farko na ƙasa ne ko na kamfanin da ya ƙera, Nijar 562, Najeriya 566, nawa da 9 sunka fara, wato na kamfani, ba wani ofishi da ya san da su sai kayen da ke cikin durowata, wato littafin da nake rubuta lambobin. Ya ce bin sawun da ake nufi na rajista ne, a karanta dabba a gona, a kasuwa, a kan iyaka, a mahauta, duka ya shiga wuri guda, in cuta ta ɓulla a san daga garken wa ta hito. Haka Botsuwana ke yi shi ya sa namanta ke shiga Turai, Amurka ma tun Nuwamban 2024 ta wajabta shi ga wasu shanun da ke tsallaka jiha zuwa jiha. Na ce to nan hwa? ya yi dariya kawai.

Sati uku ina zaga kasuwannin dabbobi da sandata, Maraɗi, Gidan Rumji, Sabon Mashi, dillalai na ta tsokanata wai ga Alhaji mai allurar shanu. Ban ga mai irin sandar ba ko ɗaya sai ni. Daga baya wani yaro mai kiwon awaki ya tsinci 'yan kunne ukku cikin daji haɗe da guntun nama, wuƙa ɗaya ta gama da fasahar.

Karsanar ce ta ɗan wanke mini zuciya. Ashe ta ɓalle musu cikin dare, anka tsince ta anka kai gidan wani maigari, har wani ya zo ya rantse tashi ce. Na isa da sanda da kaye da hotonta, gaban jama'a na ce ranka ya daɗe ga lambar da za ta hito, na karanto duka 15, na kara, ta yi ƙara, maigari ya sa ɗanshi ɗan lakkwal ya duba ɗaya bayan ɗaya. Mutumin bai tsaya sallama ba. Ranar na ji daɗi ba kaɗan ba, ko da yake Baffa ya ce shi tun daga ƙofar gida ya gane ta da kukanta, kuma da ya kira sunanta ita ta taho da kanta.

Wanda ke son ya sa, ya sa, don shaida yana da amfani, haka wajen rubuta rigakafi da haihuwa, amma ka rubuta lambar cikin kaye ka ɗauki hoton dabbar gefe biyu, kada ka daina shaidar gidanku ta gado, kuma don Allah ka tambayi mai saidawa da batir ko babu. In babu, ba ya nuna maka inda take. Mai nuna wuri daban ne, a wuya ake rataya shi, yana son caji da rezo, shi ma wuƙar nan dai ta ishe shi.

Garken yanzu yana Jiratawa inda Baffa ya ce tun farko. Akwai sauran 'yan kunne bakwai cikin durowa, ina jiran ɗari in sa ma sabbin maruƙa. Lambar jan bajimin kuwa har yanzu tana cikin salula, na kasa goge ta.