Godiya ga 'yan'uwana lauyoyi bayan zaɓen reshenmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, zaɓen shugabannin reshenmu na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, ya zo ya wuce lafiya. An kaɗa ƙuri'a, an ƙirga a idon kowa, aka tashi ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Ni na nemi kujerar sakatariyar walwala, Allah bai nufa ba, Ya ba abokin takarata. Tun a zauren na taka har inda yake na yi masa murna, yanzu ma ina sake yi a gaban jama'a: Barista, Allah Ya taya ka riƙo, Ya haɗa ka da mashawarta na gari. Kwamitin zaɓe kuwa ba ni da abin faɗa a kansu sai sambarka. Wakilina ya sa hannu a takardar sakamako da yawuna, maganar ƙorafi ba ta taso ba, ba kuma za ta taso ba.

Ku da kuka ba ni ƙuri'unku, na gode, Allah Ya saka da alheri. Akwai waɗanda suka taso tun daga Wudil da Rano da Gwarzo da man aljihunsu, a wannan tsadar da muke ciki tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Akwai 'yar'uwata mai jego da ta zo da jaririnta a goye, ta bi layi, ta ƙi yarda a shigar da ita gaba. Na gani, kuma ba zan manta ba. Waɗanda ba ku zaɓe ni ba, ku ma na gode. Da yawanku kun faɗa mini gaba da gaba: "Barista, kin makara, na riga na yi alkawari." Wannan gaskiyar ta fi mini alkawarin fatar baki daraja, kuma ita ta sa yau nake iya gaisawa da kowa ba tare da wani abu a raina ba.

Neman ƙuri'a a ƙungiya irin tamu ba ya kama da na 'yan siyasa. Ba gangami, ba kiɗa, ba wanda za ka ruɗa da fosta. Masu zaɓen abokan aikinka ne, sun san yadda kake tsayawa a gaban alƙali, sun san ko kana cika alkawari idan an ɗage shari'a don a je a sasanta. Gobe kuma za ku sake haɗuwa, kai kana kare wannan, shi yana kare wancan. Saboda haka kamfe ɗin duk ƙafa ce da baki: hawa benayen ofisoshin lauyoyi a titin gidan Zoo da Bompai, tsayawa a barandar babbar kotu ta Audu Bako da ta titin Miller, leƙa kotunan majistare na Nomansland da Gyaɗi-Gyaɗi, sai Ƙofar Kudu, ana magana a tsaitsaye kafin mai shari'a ya shigo.

A wannan yawon ne na ɗauko bashin da ya fi kowanne nauyi a kaina, bashin ƙananan lauyoyi. Na je neman ƙuri'arsu, su kuma suka buɗe mini cikinsu. Wata safiya a barandar babbar kotu ina magana da wani ƙanena a aiki, sai na lura hankalinsa na kan ƙofa. Can abokinsa ya fito, ya tuɓe baƙar riga da hular lauyoyi a gurguje ya miƙa masa, shi kuma ya zura ya shiga kafin a kira tasa shari'ar. Riga ɗaya suke karɓa-karɓa su biyu. Da ya fito bai ce mini komai a kan rigar ba. Wayarsa ya ciro ya nuna mini saƙon banki na albashin watan, sannan ya lissafa mini kuɗin adaidaita sahu daga Rijiyar Lemo zuwa ofis, daga ofis zuwa kotu, da komawa gida. Abin da ake ba shi bai kai naira 71,000 da gwamnatin Kano ta yanka a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta ba. Wannan mutum ne da ya yi shekara 5 a jami'a, ya yi shekara guda a makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, ya yi bautar ƙasa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ba zan ambaci ofishin kowa ba, domin akwai manyanmu da suke riƙe yaransu da mutunci, Allah Ya ƙara musu buɗi. Amma wanda ya san yaronsa a ƙasa yake zuwa kotu alhali fayil ɗin da ya ɗauko na miliyoyi ne, ya ji tsoron Allah.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka fi yi mini aiki a wannan takara ba su da ƙuri'a. Ƙa'ida ce sananniya: wanda bai biya kuɗin izinin aiki na shekara da kuɗin reshe kafin 31 ga Maris ya wuce ba, sunansa ba ya hawa rajistar masu zaɓe. Ba na ja da ƙa'idar, ƙungiya ba ta tafiya sai da kuɗin 'ya'yanta. Sai dai mu duba su wa take kayarwa. Wanda watan Maris ya riske shi aljihu ba komai, shi ne ya fi kowa buƙatar sakataren walwala, kuma shi ne ba shi da bakin zaɓensa. Inshorar rai da uwar ƙungiya ta tanada ma ta waɗanda suka biya a kan lokaci ce, ka ga ranar da ta Allah ta kasance, iyalinsa ne za su tashi a tutar babu. A 2016 uwar ƙungiya ta bar tsarin wakilai ta koma kowane lauya da ƙuri'arsa ta intanet, zaɓen shugaban ƙungiya na ƙasa da ɗan Kano, babban lauya A. B. Mahmoud SAN, ya lashe. An yi haka ne don ƙaramin lauya ya zama ana jin ta bakinsa. Bai kamata rashin kuɗi ya ƙwace masa abin da tsarin ƙungiya ya ba shi ba.

To ku ƙannena da kuka raba takardun manufofina, kuka kwana kuna tura saƙonni a zaurukan WhatsApp, kuka tsaya a bakin zaure ranar zaɓe kuna kallon wasu suna shiga, ban san da bakin da zan gode muku ba. Duk abin da kuka faɗa mini na rubuta shi, ban sa sunan kowa ba. Na riga na gaya wa sabon sakatare zan kai masa, ya kuma ce yana jira. A taron wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan miƙe a matsayina na 'yar reshe in gabatar da ƙudurin kafa asusun da zai riƙa biya wa sababbin lauyoyi kuɗin izinin aiki kafin wa'adi, ko da a matsayin rance ne marar ruwa. Zan kuma nemi reshe ya sa ido a kan dokar kuɗin aikin lauyoyi ta 2023, wadda ta yanka mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa a kan aikinsa. Muddin muna karya wa juna farashi a kan takardar cinikin fili da ta haya, ofisoshi za su ci gaba da cewa ba su da abin biyan yara. Ina roƙon ku zo taron, ku cika kujerun.

Yayyena da iyayena mata a wannan aiki, musamman na ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, kun rufa mini asiri. Lokacin da aka fara yaɗa cewa kujerar walwala ta zirga-zirga ce, asibiti da gidan makoki da tafiyar dare, mace mai aure ba za ta iya ba, ban ce uffan ba, ku kuka amsa. Wata babbar yayarmu ta miƙe a daren gabatar da manufofi ta tuna wa zauren cewa Mai shari'a Maryam Aloma Mukhtar ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, kuma yau Mai shari'a Dije Abdu Aboki ce Babbar Jojin Kano, to wace tafiya ce ta rage da za ta gagari mace? Anti, Allah Ya ja da ranki. Dole in faɗa don adalci, wannan magana ba daga bakin abokin takarata ta fito ba, hasali ma shi ya fara tsawatar wa masu yin ta. Waɗanda suka faɗa kuwa na yafe, duniya da lahira.

Ubangidana a aiki, ranka ya daɗe, kai ka sa hannu a takardar tsayar da ni, ka ɗauke mini shari'o'ina ka raba wa abokan aiki ba tare da ka rage mini ko kwabo ba. Akawunmu da sakatariyar ofis da direba, ɗawainiyarku ta fi ƙarfin aikin da aka ɗauke ku yi. Abban yara, na gode da haƙuri, da dare nawa da na shigo gida bayan isha'i na tarar ka riga ka duba musu aikin makaranta. Hajiya kuma tun ranar da na sayi fom addu'arta guda ce, in alheri ne Allah Ya tabbatar, in babu alheri Ya musanya da mafi alheri. Da na kira ta na gaya mata sakamako, cewa ta yi to Alhamdu lillahi, an karɓa.

Allah Ya yi wa sababbin shugabanninmu jagora, Ya jiƙan 'yan'uwanmu lauyoyi da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a taron wata, kuma duk babban da yake son sa hannu a maganar asusun nan, ya neme ni kafin ranar don mu shigar da ƙudurin tare.

Wassalam.