Ramin da na fasa a bangon gabas

Har yanzu in na shiga ɗakina idona ya sauka inda sabuwar filasta ta bambanta da tsohuwa, sai na ji raina ya sosu. Wurin bai fi faɗin faifai biyu ba, amma ya jawo mini zirga-zirgar kusan wata biyu, ya kuma sa na je na zauna gaban yaron da na girma nesa ba kusa ba, ina roƙonsa ya taimaka ya bincika akwatin mahaifinsa marigayi.

A hunturun farkon 2023 na yi aikin, lokacin canjin kuɗi. Tun da Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022 cewa zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, aka yi ta yawo da bidiyoyin damman kuɗi da aka fito da su daga maɓoya sun ruɓe sun manne da juna. Na kalla na yi dariya har da riƙe ciki, ina cewa wannan wane irin rashin dabara ne. A makon nan kuwa nake auna nawa ramin. Ni ba kuɗi gare ni ba, takardu ne: na makaranta, na haihuwar yara, da takardar cinikin filin da na gina gidan a kai. An shiga gidan wani maƙwabcinmu da rana tsaka aka ɗauke jakar hannu ana zaton kuɗi ne a ciki, alhali takardunsa ne kakaf, shi ya sa na ƙudura cewa nawa ba za su ƙara kwana a saman wadrob ba.

Tunanin ba sabo ba ne. A ɗakin kakarmu akwai alkuki a jikin bango inda ake ɗora fitila, bayan ta rasu aka gano cewa can ciki ta ƙwaƙule wani lungu ta toshe da tsumma. Na ce zan yi irinsa amma na zamani: kantar littattafai manne da bango, bayan gurbin tsakiya kuma ya zama ƙofa, a bayanta rami.

Ban kira kafinta ba, ban kira birkila ba, ko uwargida ban gaya wa ba, na jira sai da ta tafi biki garinsu da yara. Hujjata ita ce maɓoyar da mutum uku suka sani ta tashi daga maɓoya. Na zaɓi bangon waje saboda shi ne na bulo inci tara, bangayen tsakiya kuwa inci shida ne, in ka fasa fuska ɗaya abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Abin da na kula da shi na kula da shi sosai, ba zan ƙi yabon kaina a nan ba. Na kauce wa saitin soket da makunni, don bututun waya miƙewa yake sama ko ƙasa daga wurinsu. Na nisanci kusurwa inda ginshiƙi da rodi suke, na kuma tsaya ƙasa da linta sosai. Na ari injin yankan tayil na yanke fuskar bulo biyu, ɗaya bisa ɗaya, na fasa haƙarƙarin tsakiyarsu da guduma a hankali, na sami rami mai zurfin wajen inci bakwai wanda fayil ɗin takardu zai tsaya a ciki ba tare da an naɗe shi ba. Ƙurar da ta tashi kwana biyu ina sharewa.

Katakon firam na sayo a 'Yan Katako na Na'ibawa, maƙallin nan da ake dannawa ƙofa ta buɗe da kanta da hinji mai ɓuya a ciki kuma na samo a Sabon Gari. Ƙofar da guntun MDF na yi ta, wato allon nan na garin katako da aka matse, saboda fuskarsa sumul take, tana karɓar fenti kamar bango. Kuma a nan na fi jin kaina. Na yi ta gogawa da samfefa ina gwadawa har sai da tsakanin ƙofa da firam ya zama ko katin waya ba ya shiga sai da ƙyar. Na shafa wa fuskar fenti, gefunan kuwa na bar su haka nan, don fenti zai ƙara kauri ya ɓata mini awo. Na jera littattafai, na ja da baya na duba, wallahi ni da na yi ma sai na lalubi wurin. Ka danna ta ce ƙyas ta buɗe, ka danna ta koma. Na yi ta dannawa kamar yaro ya samu sabon abin wasa.

Abin da ban yi ba shi ne zagayawa bayan gida in kalli bangon ta waje. Zagayen da bai kai minti biyu ba.

Bangon gabas ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san daga gabas hadari yake tasowa, kuma bangon gabas ne yake shan dukan ruwa, shi ya sa magina na da suke ba shi kulawa ta musamman wajen yaɓe. Nawa kuma yana kallon kangon maƙwabci ne, tun da aka yi ginin ba a taɓa yi masa filasta ta waje ba, don kuɗi sun ƙare kuma na ce ai ba wanda yake gani. Tsurar bulo kuwa shan ruwa yake kamar soso. Da can filastar ciki da fenti suna ɗan tare danshin. Ni da hannuna na cire su, na jingina takarduna da ɓawon bulon da kaurinsa bai fi inci ɗaya da ɗan wani abu ba, na rufe da ƙofar da ko iska ba ta shiga. A watan Janairu komai ƙamas yake, leɓe ma tsagewa yake, wa zai tuna da danshi?

Ban sake buɗewa ba tun wajen ƙaramar salla. Sai a tsakiyar Agusta mai kangon ya zo zai fara gini, aka sami saɓani kan iyaka, 'yar tazarar da ba ta fi ƙafa uku ba. Mai unguwa ya ce kowa ya kawo takardarsa bayan la'asar. Na shiga ɗaki da ƙwarin gwiwa na kwashe littattafai na danna. Shiru. Na sake dannawa da ƙarfi, ko motsi. MDF ɗin ya sha danshi ta gefunan da ban shafa wa komai ba, ya kumbura ya cije a cikin firam, firam ɗin ma ya kumbura ya matse shi. Babu mariƙi, babu inda zan sa farce, don ni na tabbatar babu. Na gwada wuƙa ta lanƙwashe. Ƙarshenta sukundireba na kafa na bi da guduma, ƙarar ta fito da uwargida daga kicin.

Ta tsaya bakin ƙofa tana kallona ina fasa kantar da na ce mata ta littattafai ce kawai. Da ƙofar ta ɓalle wari ya bugo mu, irin na tsohuwar rijiya, sai ta ce, "Malam, a bangon nan ka sa su? Ai gumi yake duk damina. Ba ka ga na janye sif ɗina daga jikinsa tun shekarar da muka tare ba?"

Na gani mana. Na ɗauka gyaran ɗaki ne irin na mata.

Takardun makaranta sun tsira da ɗan tabo, don kowace tana cikin ledarta. Takardar fili kuwa a fayil ɗin kwali take, ita ce kuma ta jingina da bulo. Funfuna ta yi mata baƙi-baƙi da kore-kore, shafukan biyu sun manne. Hatimin mai unguwa na wancan lokacin ya narke ya zama shuɗin tabo kawai. A nan na ƙara tafka wani kuskuren cikin gaggawa: maimakon in bar ta ta sha iska a inuwa ta bushe, sai na sa hannu na ɓamɓare. Fuskar takardar ta taso ta bi ɗaya shafin, daidai layin da aka rubuta tsawo da faɗin filin. In takarda ta jiƙe kada ka ja ta, kada ka kai ta rana, kada ka sa mata dutsen guga. Shimfiɗa ta a ƙarƙashin fanka ka ba ta lokaci. Wannan bayan na lalata tawa na sani.

To ina kwafi? Na yi hoto-kwafi har biyu tun shekarun baya. Suna cikin fayil ɗin, a bayan ta asalin. Ko hoto ɗaya ban ɗauka da waya ba, ni da nake da hotunan abincin biki sun fi ɗari. Wannan ne abin da har gobe in na tuna nake jin kunyar kaina.

Wanda ya sayar mini da filin ya rasu, mai unguwar da ya sa hatimi ya rasu, cikin shaidu huɗu ɗaya ne kawai na iya samu, shi ma tsufa ya kama shi. Allah ya taimake ni an rubuta takardar kwafi biyu ranar ciniki, ta biyun tana hannun magada. Sai dai babban ɗan ba ya gari, kuma ba ya son a taɓa kayan mahaifinsa ba ya nan. Na yi ta sintiri, yau a ce gobe, gobe a ce sai ya dawo. Mai kango kuma ya sauke yashi da bulo yana jira, kullum muka haɗu a masallaci gaisuwar sama-sama. Da takardar ta fito aka auna, ƙafa ukun nawa ne. Na yi hamdala, amma daɗin bai kai zuci ba, don na san duk wahalar nan ni na saya da kuɗina, har da kuɗin aron injin yankan tayil.

Na sake yin wata maɓoyar, kuma ba zan faɗi inda take ba. Iyaka dai ban ƙara taɓa bango ba, a jikin kayan katako take, nesa da bangon waje, sama da ƙasa da kusan taƙi biyu saboda gara da ruwan mopin. Da filawud na yi, ba MDF ba, don katako na gaske in ya kumbura da damina yakan koma da rani, MDF kuwa in ya sha ruwa ya tashi ke nan har abada. Kowane gefe sai da na shafe shi sau biyu kafin na haɗa. Na bar tazarar milimita uku zagaye da ƙofar, na rufe ta da siririn katakon ado wanda na bi sauran gurabun da irinsa, don ido ya ɗauka tsarin kayan ne. Ashe ba matsewa ce take ɓoye ƙofa ba, kamanni ne: in duk gurabun suna da layi iri ɗaya, ba wanda zai tsargu da ɗaya. Wanda zai yi nasa da damina kuma ya juya lissafin, don abin da ya zauna daidai a Agusta zai saki baki a Janairu har a hango ciki.

Na kuma huda ɗan ƙaramin rami ta wani ɓoyayyen gefe, inda zan zura ƙusa in turo ƙofar in maƙallin ya ƙi. Maƙallan nan na dannawa ba su da tabbas, ƙura kaɗai tana iya kashe su, mu kuwa ƙura ba baƙuwarmu ba ce. Na liƙa wani katakon a bayan ƙofar don in an ƙwanƙwasa kada ta yi amon ganga. Takardun suna cikin robar abinci mai murfin da yake kamawa gam, da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, da ƙwayar kafur biyu a waje da robar. Daga Yuni zuwa Satumba duk Juma'ar farkon wata sai na buɗe na sa hanci na shinshina. Kwafi ɗaya yana gidan yayana, hotuna suna waya da imel. Gobara dai ba abin da katako zai yi mata, wannan na sani, na bar wa Allah.

Uwargida ta san wurin yanzu, ita ta ma zaɓe shi. Na lura ba ta sa sarƙarta da 'yan kunnenta a ciki ba. Da na tambaya ta ce suna nan inda suke tun aurenmu, kuma ba su taɓa yin funfuna ba. Har yau ban san inda ne ba.

Tsohon ramin kuwa dole na kira birkila ya toshe, ya kuma yi wa bangon filasta ta waje kafin maƙwabci ya tayar da nasa ginin ya rufe hanya. Ya leƙa ciki, ya shafa bulon ya dubi tafin hannunsa a jiƙe, ya ce, "Alhaji, wane ne ya yi maka wannan aikin?" Na ce wani yaro ne. Ya girgiza kai ya ce yankan dai ya yi kyau.