Godiya daga gidan Baba mai ɗinki

Alhamdu lillahi, bayan aikin yanar ido an buɗe idon Baba na biyu, ya gane jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Kun san yadda aka sha, gajiya kam har ƙashi.

Ga masu tambaya ta waya: ba rana ɗaya aka yi idanun biyu ba, kuma sai da sugansa ya sauka lokotoro ya yarda ya cire yanar ya sa gilashin roba a gurbinta. Yanzu ana ɗiga masa magani kan lokaci. Ba sunkuyo, ba murza ido, kada ruwa ya shiga, salla a zaune. Waɗanda suka ce a kai shi wurin masu tura yana da allura, mun gode da niyya, amma aikin nan yakan jawo kumburi har ido ya mutu gaba ɗaya.

Duk Maradi an san hannun Baba. Babbar riga guda mai adon aska takwas, a zana ta da tawada, a bi ta da zare, a yi tambarin baya kafin ta je mabuga, takan ci watanni, tun hantsi har fitilar dare. Wuyansa ya ƙage, yatsu suka sandare, sunan wasu cikinmu ma yana zaure da allura aka raɗa. Rigunansa na hawan salla a ƙofar fada, shi bai taɓa zuwa kallo ba.

Akwai yaronsa da ya bar ɗinki ya kama kabu-kabu, wanda Baba ya daɗe yana cewa ya zubar da baiwa. Daren da za a yi aikin, Baba na rawar jiki ya ce, "In na gani, hannu kuma ya ƙi fa?" Yaron ya riƙe hannun ya ce, "Baba, masallaci da jikoki ma sun isa a gani." A tabarma ya kwana gefensa. Allah ya tsare masa hanya, ya albarkaci zuriyarsa, ya ba shi abin da bai zata ba.

Limamin Bagalam, Gwaggo ta Tibiri da kununta na kowace safiya, mabugan da suka yi karo-karo, Allah ya saka muku da Aljanna Firdausi, ya jiƙan iyayenku. Ƴan uwa na Yamai, mun ga saƙonninku. Ƙofa dai ba ta taɓa rufuwa ba.

Masu zuwa dubiya, sai bayan la'asar, kuma don Allah ban da turaren wuta. Masu riguna a hannunsa, ku yi haƙuri, za mu kira kowa.