Yaushe ɗalibi zai tsunduma cikin Japananci? Abin da na gani a ajina

Shekarata ta biyar ke nan ina koyar da Japananci a wani ɗaki da na kama haya a saman bene. Kujeru goma sha biyu ne, sai allo da 'yar sifika mai caji saboda halin wutarmu. Rabin ɗalibaina masu neman tallafin karatu na gwamnatin Japan ne, wanda ake kira MEXT, saura kuwa samari da 'yan mata ne da anime, wato finafinan zane na Japan, ya jawo su. Tun kafin mu yi maganar kuɗin wata, tambayarsu ɗaya ce: "Malam, an ce idan mutum ya kwana yana sauraron harshen ya tashi yana saurare, zai iya ba tare da littafi ba. In fara yau, ko sai na gama nahawu?"

Wannan ita ce tsunduma, wato ka kewaye kanka da harshen ta kunne da ido har ya zama ruwan da kake iyo a ciki. Amsata ba ta canzawa: kunne tun ranar farko, ido bayan baƙaƙe, ruwa mai zurfi kuwa sai an yi wata uku ko huɗu.

Dalilin da ya sa nake gaggauta kunne shi ne Bahaushe yana da jarin da bai san yana da shi ba. Japananci yana bambanta gajeren wasali da dogo: obasan inna ce ko gwaggo, obaasan kuwa kaka. Yana nannage baƙi: kite na nufin "zo", kitte kan sarki ne na wasiƙa. Yana kuma da hawa da saukar murya. A lafazin Tokyo, hashi mai faɗuwa tsinken cin abinci ne, hashi mai hawa gada ce. Duk ranar da na kai nan sai in tambaye su bambancin gadar da mota ke hawa da gadar da maharbi ke bi a daji. Nan take fuskokinsu ke sauyawa. Wanda ya tashi da harshen da ba ya kula da waɗannan abubuwa yakan daɗe yana fama da su, mu kuwa da su aka yaye mu. Asara ce a bar wannan kunne yana barci wata shida ana haddar jadawali.

Amma sauraro ba hayaniya ba ne. Wani yaro ya zo mini bara, ya ce ya yi wata shida yana kallon anime ba fassara, awa huɗu kullum, kuɗin data ya cinye masa abin da zai biya makaranta. Na gwada shi. Ya san kalmomin zagi da na ihun faɗa, bai iya cewa "ina son ruwa" ba. Abin da ya fi damuna shi ne ya kira ni omae, kalmar da idan ka jefa wa malami ko babba a Japan ka yi rashin kunya ƙarara. Ba laifinsa ba ne, abin da kunnensa ya sha ke nan. Masanin harshe Stephen Krashen ya daɗe da cewa mutum yana ɗaukar harshe ne daga abin da yake fahimta, wanda ya ɗara matsayinsa kaɗan. Yaron nan ya faɗa kogi bai taɓa shiga tafki ba. Sai da muka koma farko, kuma yanzu yana cikin waɗanda nake alfahari da su, domin kunnensa ya riga ya saba da gudun maganar.

Tsarin da nake bi ya yi kama da na makarantar allo, inda yaro ke jin karatu yana maimaitawa kafin ya gane babbaƙu da farfaru. Makon farko gaisuwa ce da gajerun hirarraki na minti biyu, a saurara sau goma, a bi da baki. A lokaci guda muna rubuta hiragana, baƙaƙe 46, sannan katakana, su ma 46. Mako uku na ba su. Daga nan ba na yarda in ga Japananci da haruffan boko a littafin kowa, don wanda ya jingina da su ba ya sakin su.

Nahawun da nake so a riƙe kafin a zurfafa ba shi da yawa: aikatau yana zuwa ƙarshen jimla, ƙananan kalmomi irin su wa, ga, o da ni su ke nuna aikin kowace kalma, sai siffar ladabi mai ƙarewa da masu. Idan an haɗa wannan da kalmomi ɗari biyar zuwa sama, sai in buɗe ƙofa. Muna fara karatun da Japanawa ke kira tadoku: ka ɗauki mai sauƙi, kada ka buɗe ƙamus, ka tsallake abin da ba ka gane ba, in littafin ya gundure ka ka canza wani. Bayan haka sai labarai masu sauƙi na NHK, gidan rediyo da talabijin na Japan, inda ake rubuta lafazi da ƙananan baƙaƙe a saman kowane kanji, wato baƙaƙen da Japanawa suka aro daga rubutun Sinanci. Kanji na yau da kullum 2,136 ne, ba wanda zai jira ya gama su kafin ya fara karatu.

Iyaye sukan matsa mini in mayar da hankali kan takarda kawai, tunda jarrabawar ƙwarewa a Japananci, wato JLPT, ce suke hange, daga matakin farko N5 zuwa na ƙoli N1. Ina nuna musu cewa sashen sauraro yana da maki 60, kuma wanda bai kai 19 ba, ya faɗi ko da ya cinye sauran sassan. Wasu sun janye 'ya'yansu duk da haka, kuma kujera ɗaya da ta zauna babu kowa ina jin ta a kuɗin haya. Sabon aji zai fara ranar Asabar, mutum tara suka yi rajista, kuma na riga na sa sifikar a caji.