Asabar a Jidda: rauta ta koma ƙarƙashin tebur

Yau ba fita aiki, don haka ana idar da sallar asuba na hau saman gida kafin rana ta buɗe. Teburin aikina yana lungun bayan tankin ruwa, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano. Uwargida ta daɗe tana so a zagaye mata madubi da kantocin kicin da siraran katako masu ado a baki. Duk wanda ya taɓa ɗora rauta, wato injin sassaƙa ado a bakin katako, mai nauyin kilo shida a kan katakon da faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, ya san irin rawar da take yi. Maganin abin shi ne a kifa ta a ƙarƙashin tebur, ita ta zauna wuri ɗaya, katako ya riƙa zuwa ya same ta.

Rautar ƙirar Makita ce ta gwanjo, daga kasuwar Harajin Sawarikh ta kudancin gari. Wuta na fara dubawa. Tun 2010 aka yanke shawarar mayar da ƙarfin wutar gidajen ƙasar nan bolt 230, amma tsofaffin gine-gine irin namu har yanzu suna da soket na 127 a wasu ɗakunan. Daga layin 220 na jawo waya.

Saman teburina MDF ne, wato allon da ake matsawa daga garin katako, mai kaurin milimita 18. Da zan ɗaure rautar a jikinsa kai tsaye, kaurin nan zai cinye tsawon haƙorin, wato ƙarfen da ke sassaƙar, abin da zai leƙo sama ba zai taka kara ya karya ba. Masu ganganci sukan zaro haƙorin daga mariƙinsa don ya ƙara tsawo, kuma ƙarfen da ke juyawa sau dubu 22 a minti ɗaya ba abin da za a riƙe da bakin wutsiya ba ne. Shi ya sa na yanko farantin roba mai tauri, irin mai kama da gilashi, na milimita 10. Na kwance baƙin faifan da ke gindin rautar, na ɗora shi a kan farantin yadda zai zauna idan an kifa ta, na bi ramukansa na yi alama. Na huda, na buɗe bakin kowane rami don kan sukuru ya nutse, na sa sukurori masu ɗan tsawo fiye da na asali.

Ramin da farantin zai zauna a tebur kuwa, rautar ce da kanta ta sassaƙa shi, aikinta na ƙarshe ke nan a hannu. Na kafa katakai huɗu kewaye da farantin suka zama jagora, na sassaƙa ɗan dakali mai zurfin milimita 10 da ɗoriya kaɗan, sannan na yanke tsakiyar da zarto. Ɗoriyar da gangan ce: in faranti ya nutse ana iya ɗago shi da sukuru daga ƙasa, in ya tsere wa tebur tsawo kuwa sai an sake sassaƙa.

Ina cikin wannan Kawu ya hawo, yana haki. Jiya ya zo daga Makka ya kwana wurinmu. Shekarunsa na ƙarfi duk a kafinta ya ƙare su.

"Kawu, da ka aiko na sauko ai. Benen nan ba na ƙafarka ba ne."

"Ƙarar da kake yi ce ta aiko ni, ɗan nan. Miƙo min guntun katakon can."

Bai ko kalli injin ba. Ya kwantar da guntun a kan tebur, ya tura shi a hankali ya haye farantin. A kusurwar hagu ya ɗan ci tuntuɓe, ƙas. Ya ce a juya sukurun wajen, na juya. Ya sake turawa daga kowane ɓangare, ya sa aka ƙara nan, aka rage can. Mun fi awa a kan wannan kaɗai, kuma a ganina nan ne aikin yake. Huda da ɗauri kowa zai iya. Amma tudun da bai kai kaurin farce ba, duk katakon da ya bi ta kansa zai fito da tabo a daidai wurin, kuma sai an shafa fenti yake bayyana. Ya kuma sa na kafa sanduna biyu na katako mai ƙarfi a ƙarƙashin tebur, dama da hagun ramin, don MDF a danshin garin nan, ga nauyi rataye da shi dare da rana, ba ya daɗewa yake yin ciki. Na shafe bakin yankan da gam saboda kada ya sha raɓa ya kumbura.

Bayan azahar muka ci shinkafar Bukhari, zafi ya kore mu har la'asar. A hirar ne ya ɗauko zancen tagogin katako masu ado da ake kira rawashin, na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, waɗanda UNESCO ta sa unguwarsu a jerin kayan tarihi a 2014. Wai duk ƙawar nan da hannu aka fitar da ita, mu kuwa ga inji amma sai kuka da gumi. Ban ja da shi ba.

Da yamma na cire sifirin ɗin da ke cikin ƙafafun rautar, don in an kifa ta suna yaƙi da mai son ɗago haƙori. Na kafa makunni a ƙafar tebur ta gaba, inda hannu zai same shi ba sai an laluba ƙasa kusa da injin ba. Shingen da katako zai jingina da shi in ana tura shi kuwa, miƙaƙƙen katako ne da na yi wa ɗan kogo a tsakiya, na matse shi a gefuna biyu.

Abin da ya kamata hannu ya koya sabo shi ne hanya. Rauta in ta kifu, haƙorinta na juyawa saɓanin agogo ga mai kallo daga sama, saboda haka katako daga dama yake tafiya hagu, yana tunkarar kaifin. In aka biyo ta hagu, haƙorin zai fizge shi ya harba kamar kibiya, ya jawo yatsu a baya. Haka nan ba a saka katako tsakanin haƙori da shinge. Kawu ya karɓi alƙalami ya zana alamar hanyar a jikin shingen, ya ce ba don ni ba, don ranar da na gaji. Sandar turawa ma shi ya fere ta.

Na cire filogi, na sa haƙori mai ƙafar milimita 8 a mariƙin 8, na zaro shi kaɗan don kada ya zauna a gindi, na ɗaure. Nan ma wurin lura ne: a kasuwa ana haɗa masu milimita 6 da masu rubu'in inci, wato 6.35, kuma ido ba ya bambanta su. Katakon gwaji ya wuce sumul. Na bi sauran a ci biyu, na fari sama-sama, na biyu ya kai zurfin. Garin MDF ya cika rumfar duk da takunkumin da ke fuskata, ga shi yana zuba kai tsaye wajen injin, dole in nemo tiyon da zan haɗa da na'urar shara.

Ana kiran magariba na kashe, saboda maƙwabtan ƙasa suna da jariri. Uwargida ta jujjuya katako ɗaya, ta ce ya yi, amma na madubin tana son ado mai faɗi. Wannan sai babban haƙori mai ƙafar 12, kuma a rage gudun injin.