Na Gina wa 'Ya'yan Kifi Ɗaki da Siminti

Ni mai buga bulo ne, ba masunci ba. Amma gidanmu yana kallon tafkin garinmu a ƙasar Rano, kuma da idona na ga yadda karfasar da taru ke kwasowa ta koma kamar ɗan yatsa. Itatuwan bakin ruwa duk sun tafi murhu, ƙasan tafkin ya zama fili fetal, ɗan kifi ba shi da inda zai raɓe.

Ƙanena da ke karatu a Wudil ne ya nuna min a waya abin da ake yi a teku. Tun 1993 wata ƙungiya a Amurka mai suna Reef Ball take zuba kankare kamar tukunya a kife, jikinta duk ramuka, a nutsar da ita kifi ya samu mafaka. Da na ce ai tsofaffin tayoyi sun fi araha, sai ya nuna min abin da ya faru a jihar Fulorida ta Amurka: a shekarun 1970 an zuba tayoyi kusan miliyan 2 a teku, igiyar ruwa ta tsinke ɗaurinsu, suka yi ta ragargaza duwatsun murjani na ƙasan teku, aka koma ana kashe kuɗi wajen tsamo su. Nan na bar maganar taya.

Na je na durƙusa gaban Sarkin Ruwa na ce, "Baba, izini nake nema." Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, mu ma da can rassan itace muke nutsarwa kifi ya taru. Je ka gwada, amma kada ka yaga wa mutane koma."

Babban baho na samu na sa ƙarami a ciki, na cusa robobin ruwa cike da yashi a tsakaninsu, don idan an zare su rami ya fito. Kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 3 na tsakuwa na kwaɓa, na zuba a tsakanin bahon biyu. Ban sa rodi ba, domin yana tsatsa a ruwa ya fasa kankaren daga ciki.

Shidan farko asara na yi, kuma laifina ne. Hannun magini ya saba da sumul, sai na shafe su da cokali kamar daɓen ɗaki, gansakuka ta rasa inda za ta kama. Kwana 4 kacal na ba su na kai ruwa. Duk wanda ya taɓa kwaɓa siminti da hannu ya san yadda yake cin fata. Wannan kaifin yana nan a sabon kankare, yana fita cikin ruwa a hankali. Biyu suka tsage tun a kwalekwale, sauran kuma laka ta haɗiye su har rabi. Abin da ya fi min ciwo, tarun wani dattijo ya maƙale a guda ya yage. Na biya kuɗin gyara, amma na daɗe ina jin nauyin haɗa ido da shi.

A zubi na biyu na lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, ina ban ruwa safe da yamma har kwana 28, sannan na jiƙa su a rami ina canza ruwan. Na bar jikinsu da kaushi, na faɗaɗa gindin, na yi ramuka manya da ƙanana ta kowane gefe don kifin da aka biyo ya samu ƙofar fita. Dattijon nan da kansa ya riƙa caka gora yana nuna min inda ƙasa ke da tauri, inda ruwa ba ya ƙafewa ko da bazara. Muka ɗaura jarkoki a kai, Sarkin Ruwa ya sa aka yi shela bayan Juma'a cewa ba a jan taru a wurin. Da ba a yi shelar nan ba, da na tara wa taru kifi ne kawai a wuri ɗaya.

Da ruwa ya ja baya na shiga har ƙirji, na zura hannu cikin guda. Jikinsa ya yi santsi da kore, 'ya'yan karfasa suka watse ta tsakanin yatsuna, wani kurungu da ya laɓe a ciki ya soke ni da ƙayarsa. Na fito ina yarfe hannu, jini na ɗiga, ina kiran ƙanena ya zo ya gani. Yanzu haka akwai wasu 10 a bayan gida ƙarƙashin buhu, saura kwana 9 su cika.